Tele-Radiyon Kawu Aisami

Ranar Litinin, ƙarfe tara da minti goma na safe, Lokotoro Rumasa'u ta tsaya a bakin ɗakin ordinata, wato kwamfuta, da jakarta a kafaɗa, motar Damagaram tana jiranta a waje, ta shiga yi wa kawunta bayanin aikin da za ta bar masa.

Wata huɗu ke nan da ta buɗe ɗan gidan likitan haƙori a Gure, bayan tashar mota. Sana'arta ita ce daidaita haƙoran da suka fito a karkace, da siririyar waya da ƙananan ƙarafa. Kafin ta ɗaura wa mutum waya sai ta auna ƙasusuwan fuskarsa a wani hoton ƙashi da ake ɗauka daga gefen kai, wanda likitoci ke kira tele-radiyo. A Damagaram ake ɗaukar hoton, a zubo mata shi a ɗan kile, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa ordinata, ta zauna da fensir tana jan layi, kowane mutum ya ci mata awa guda. Da ta gaji sai ta nemi lojisiyel, wato manhaja, da zai yi awon a ordinata. Kamfanoni uku suka ba ta nasu na gwaji, kowanne da damar auna hoto biyar, kuma ranar Juma'a da azahar za su rufe.

Kujerar mai kula da ordinata ɗaya ce, masu sonta biyu. Akwai Fa'iza, wadda ke dafa kayan aiki tana rubuta sunayen masu zuwa. Akwai kuma Kawu Aisami, yayan mahaifiyar Lokotoro, mai gyaran radiyo da tocila a tasha, wanda ya shekara talatin yana gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa da ƙyar injiniya ta kuɓuce masa. Lokotoro ta ce wanda ya nuna mata lojisiyel ɗin da ya dace, kujera tasa ce. Mahaifiyarta ta ce babba ne zai fara gwadawa.

"Kawu, ka duba mini wanda ya fi gane wuraren awo a jikin ƙashi, da wanda zai bar ni in gyara da hannuna in ya yi kuskure. Ka kuma lura da wanda ba ya tsayawa in rezon intanet ya ɗauke."

"'Yata, kina magana da wanda ya tayar da radiyon kumandan da cokalin shayi."

"Kowanne ka saka masa tele-radiyo biyar."

"Tele da radiyo? Ni za a gaya wa tele da radiyo? Tun ba a haife ki ba hannuna yake cikin hanjinsu."

Lokotoro ta yi dariya, ta ɗauka raha yake. Direba ya danna oda, ta fita da sauri, sai ranar Alhamis.

Fa'iza ta jawo aljihun tabur ta ciro kile ta miƙa masa. "Kawu, ga su nan a ciki. Hotuna goma sha biyu ne."

Ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya mayar mata. "Wannan abin da bai kai tsawon ɗan yatsana ba, tele ce a cikinsa? Har da radiyo? Ke 'yar nan, ki koma wurin tukunyarki. Harkar manya ce."

"Kawu, ba tele ta kallo ba..."

"Na ce tukunya."

Ya kulle ɗakin ordinata, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ɗauki wata farar rigar likitoci daga jikin ƙusa ya ɗora a kan kaftaninsa. Hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu. Haka ya ratsa tasha da ita, yana amsa gaisuwa da ɗaga gira. Kafin azahar babu ɗan kabu-kabun da bai ji an naɗa Aisami babban teknisiyan na likita ba.

A gida ya tarar da matarsa Jummai tana gyaran zogale a gaban tele. Ya zagaya bayan telen ya zare waya.

"Malam, lafiya? Yanzu fa za a gane wanda ya saci yarinyar!"

"Likita na buƙatar ta."

"Likita? Me ya same ta? Da safe lafiyarta ƙalau."

"Ba jinya za a yi mata ba, aiki za ta kama."

"Tele ta samu aiki kai ba ka samu ba?"

Ya ɗora ta a ka ya fita, Jummai na biye da shi har zaure tana cewa in ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, tuwonsa ma zai kama aiki a wani gida.

Radiyo kuwa duk waɗanda ke shagonsa a buɗe suke, wasu tun bara. Sai ya je wurin Sadi mai shayi, wanda radiyonsa ce kaɗai mai magana a layin, don bai taɓa kai ta gyara wurin Aisami ba. Sadi ya rungume ta ya ce sai dai a tafi da shi. Aka tafi da shi.

Da yamma Fa'iza ta kira Lokotoro sau biyu ba ta ɗauka ba. Daga baya saƙo ya shigo: tana da marasa lafiya da yawa, a bar Kawu ya gwada iyawarsa.

Talata da hantsi Kawu Aisami ya fito da tabur tsakar gidan likitan, ƙarƙashin dogon yaro, don jama'a su ga kimiyya da idonsu. Ya ajiye tele a dama, radiyo a hagu, kujera a tsakiya, ordinata a gefe. Ya fere wayoyi da haƙori ya cusa su duka a rami ɗaya. Wani abu ya ce fat, hayaƙi ya tashi, kuran ya ɗauke a gidan gaba ɗaya, har da tukunyar Fa'iza.

"Ya gaishe ni ne," in ji Kawu. "Sabon inji haka yake yi in ya ga gwani."

Sai bayan awa biyu wuta ta dawo. A lokacin mutane sun kai ashirin, wasu a tsaye wasu a kan katanga. Ya gyara rigarsa ya yi musu bayani. Muryar radiyo za ta shiga ta kunnen hagu, hasken tele ya shiga ta na dama, su haɗu a tsakiyar kai su haska ƙashi, shi kuma ya ɗauka da salularsa kafin su watse. Ya nemi wanda zai fara. Kowa ya dubi Sadi, tunda radiyonsa ce.

Sadi ya zauna yana karanta addu'a. Aka ƙure murya. A kunnensa na hagu ana sanarwar ɓatan wata saniya a Gamu, a na dama ana tallar sabulu.

"Kana jin wani abu a ƙashinka?"

"Ina jin saniyar ja ce, mai karyayyen ƙaho."

"Ya fara shiga. Kada ka motsa."

Ya ɗauki hoton, ya tura shi cikin ordinata, ya buɗe lojisiyel na farko. Abin ya yi tunani kaɗan, ya fito da jan rubutu. Kawu ya bar lakwal tun yana aji huɗu, Faransancinsa na gaisuwa ne da zagi, don haka ya ƙwala wa Fa'iza kira.

"Ya ce wannan ba tele-radiyo ba ne," in ji ta.

"Makaho ne? Ga tele, ga radiyo, ga Sadi!"

Ya ƙara matso da su har suka matse kunnuwan Sadi, ya sake ɗauka. Ja. Ya musanya musu wuri, radiyo dama, tele hagu. Ja. Ya ce Sadi ya cire hula. A karo na huɗu rubutun ya ƙaru da layi ɗaya.

"Me ya ce kuma?"

"Ya ce bai ga *selle turcique* ba."

"Da Hausa."

"Kalma da kalma, sirdin Turkawa ke nan. Amma Kawu, wani ɗan gurbi ne a cikin..."

"Sirdi!" Ya buga tabur. "To da bai faɗa tun farko ba! Ai dole. Mutum a kujera yana karkacewa, a kan sirdi kuwa dole ya miƙe. Turawan nan ba su da wasa."

"Kawu, a cikin kai yake."

"A cikin kaina yake, shi ya sa na gane. Ke naki kan me ke ciki?"

Jama'a suka yi dariya. Fa'iza ta koma ɗakinta. Kafin a ci gaba rezo ya ɗauke, lojisiyel na farko ya daskare, aka tashi.

Laraba da sassafe ya nufi kasuwar dabbobi wurin Ɗan Talata, wani mai raƙumi daga Alakos da ke kawo kanwa. Ɗan Talata ya saurare shi har ƙarshe yana tauna asawaki.

"Sirdina dai na Alakos ne. Kakana ya sassaƙa shi. Bai taɓa zuwa ko Kelle ba sai a kan raƙumi."

"Wannan matsalata ce. Ka ba ni aro."

"Kai ne ka karɓi tocilata shekara uku da suka wuce?"

"Tana nan, ana jiran kayan gyara."

"To sirdi ba ya tafiya sai da raƙumi, raƙumi ba ya tafiya sai da ni."

Haka suka shigo gari, Kawu a gaba da farar riga, Ɗan Talata a baya, raƙumi a bayansu yana kallon kowa a wulaƙance. A hanya Kawu ya tsaya a wani butik ya roƙi kwalin taliya 'yar Turkiyya, ya yanke wurin da aka zana jinjirin wata da tauraro. Da aka sauke sirdin aka ɗaure shi a kan benci, sai ya manna masa takardar da ƙaro.

"Yanzu ya zama Baturke," in ji shi.

"Da sauri haka?" in ji Sadi. "Ni shekara goma ina cin taliyar nan ban zama ba."

Aka ɗaure raƙumin a gindin dogon yaro, ya fara cin ganye. Mutane yau sun ninka na jiya. Jummai ma ta zo ganin halin da telenta ke ciki. Aka hau da Sadi kan sirdi, ƙafafunsa na lilo, aka kunna tele da radiyo, aka ɗauka.

Ja.

"Wannan lojisiyel ɗin mai girman kai ne," in ji Kawu. "An ba shi sirdi har da tuta, yana wani yanga. Na kore shi."

Ya buɗe na biyu. Wannan bai nemi rezo ba, ya tashi nan take. Ya nuna hoton Sadi da wani gargaɗi a sama, wanda Kawu ya hana Fa'iza karantawa don ya ce ya gaji da rashin kunya. A ƙasa lojisiyel ɗin ya rubuta umarni.

"Ya ce ka danna a kan *Gonion*," in ji Fa'iza.

"A kan wa?"

"Goniyon. Kusurwar muƙa..."

"Goni! Allahu akbar. Kun ji? Inji ma ya san malamai. Wancan ya nemi sirdi, wannan ya nemi albarka. A kira mini Goni Husseini."

Goni Husseini dattijo ne da ya haura saba'in, makarantarsa na bayan masallacin unguwa. Aka ce masa likita na nemansa da gaggawa, ya zo da sandarsa yana tsammanin wani ne ba lafiya. Ya tsaya ya dubi tele, ya dubi radiyo, ya dubi sirdin da tambarin taliya, ya dubi raƙumi, sannan ya dubi Aisami.

"Wushe, Aisami. Wanne ne daga cikinku marar lafiyar?"

"Allah gafarta Malam, inji ne ya ambaci sunanka."

"A ina ya san ni?"

"Ilimi ba ya ɓuya, Malam. Ka ɗan hau nan."

"Rabona da hawa raƙumi tun kafin a yi kwalta. Yanzu kuma in hau sirdi ba raƙumi, a bainar jama'a? Ba ni kujera."

Aka ba shi kujera. Kawu ya jawo linzamin ordinata har iyakar wayarsa, ya ce Malam ya ɗan matso. Ɗan Talata ya ce ga sirdi ga linzami, saura a samo wanda za a hau. Kawu bai kula shi ba. Ya ɗora linzamin a kafaɗar Goni ya danna. Shiru. Ya ɗora a rawani ya danna. Shiru. Ya kai shi gefen muƙamuƙi, ƙasan kunne, ya danna sau uku.

"Aisami," in ji Goni a hankali, "haƙorana uku suka rage, kuma ɗaya yana daidai nan. In ya faɗi, kai za ka riƙa tauna mini goro."

"Saura kaɗan, Malam."

"Me injin ya ce?"

Fa'iza ta leƙa. "Har yanzu cewa yake a danna a kan Goniyon."

"To ba ni ba ne," in ji Goni, ya miƙe. "Ku nemi wani Gonin. Akwai ɗaya a Kelle, ya fi ni haƙuri."

Ya karkaɗe rigarsa ya koma gefe ya zauna a inuwa, ya ce shi kam sai ya ga ƙarshen wannan abu.

Kawu ya share gumi da hannun farar riga. Ya ji an fara ƙus-ƙus a kan katanga. Ya rufe na biyu ya ce wannan ma ba shi da tarbiyya, ya buɗe na uku, ya jefa masa hoton Sadi ba tare da ya sa rai ba.

Ordinata ta yi wani ɗan kiɗa. Kore! Lambobi suka zubo, shafi guda cur.

"Kun gani?" Ya daka tsalle har rigar ta yage a hammata. "Kun ga ɗan halak? Bai nemi sirdi ba, bai nemi malami ba. Ya ga gwani ya yi biyayya!"

Aka yi tafi. Ya sake auna Sadi, don a hoton farko atishawa yake yi. Ya auna Ɗan Talata da rawaninsa da takunkuminsa, ido kawai a waje, lojisiyel ya ba da tsawon haɓarsa. Jummai ta ce ba za ta hau sirdi ba ko za a yanka ta, amma da matan unguwa suka zuga ta sai ta zauna a kujera ta gyara ɗaurin kallabi, ita ma aka ba ta shafinta. Saura dama ɗaya.

"Wannan tawa ce," in ji Kawu.

Ya cire tabaransa ya ajiye a benci, ya miƙa wa Ɗan Talata salula, ya haye sirdi ya ɗaga haɓa. Ɗan Talata ya ja da baya, ya matsa hagu, ya ƙara matsawa, ya yi wani ɗan sauti da harshe, ya danna. Wajen saukowa ƙafar Kawu ta harɗe da igiya, ya zauna daɓas a kan benci, a daidai inda tabaran yake.

Ya ce ba komai, gwani ba da ido yake aiki ba. Ya lalubi hoton ya tura. Kore.

"Karanta mini."

Fa'iza ta dubi allon ordinata, ta daɗe tana dubawa. "Kawu, hoton nan..."

"Lamba na tambaye ki."

"Ka bari in nuna maka a ɗaki."

"A nan za ki karanta, kowa ya ji. Tsawon muƙamuƙi nawa?"

"Santimita arba'in da ɗaya."

"Na Sadi fa?"

"Goma sha biyu."

Kawu ya juya ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa. "Shekara talatin ina gaya muku kaina ba irin naku ba ne."

Ranar Alhamis bayan la'asar, da Lokotoro Rumasa'u ta sauka daga mota, ta tarar an jera tabarmi da bencina a tsakar gidan likitanta, mutane sun cika har bakin ƙofa. Mahaifiyarta na zaune a gaba cikin sabon lufaya. Akwai raƙumi a gindin dogon yaro, wanda ya cinye rabin ganyen. Kawu Aisami ya kwana biyu yana fama da wata waya, kuma a ranar ya yi nasarar haɗa tele da ordinata, duk abin da ke wannan allon yana fitowa a wancan, ƙato. A duk makon wannan ne kaɗai abin da ya gyaru a hannunsa.

"Fa'iza, me ke faruwa? Raƙumin wa ye wannan?"

"Madam, ki zauna tukuna."

Kawu ya yi gyaran murya. Ya gode wa Allah, ya gode wa ƙanwarsa da ta haifi Lokotoro, ya gode wa kansa. Ya ce lojisiyel na farko mai girman kai ne, na biyu ba ya ganin girman malamai, na uku kuwa ɗan albarka ne, duk abin da ka ba shi karɓa yake ba musu. Shi ya zaɓa. Ya miƙa mata takardu biyar.

Ta duba ta farko, ta duba ta biyu. "Kawu, Sadi ɗin nan mutum ɗaya ne? Nan haɓarsa ta yi gaba, nan ta yi baya."

"Yana motsi da yawa."

Ta kai ta biyar ta tsaya. "Arba'in da ɗaya?"

"Ni ma na yi mamaki, amma ba sosai ba."

"Wane tele-radiyo ka saka masa?"

Ya nuna da hannu biyu. "Ga tele. Ga radiyo."

Lokotoro ta dubi tele, ta dubi radiyo, ta dubi Fa'iza. Fa'iza ta dubi ƙasa. Lokotoro ta zauna a gaban ordinata, ta buɗe awo na biyar, ta danna wurin hoto.

Hoton ya cika telen Jummai. A ƙasa can gefe ana ganin hular Kawu da rabin kunnensa. Sauran allon duk kan raƙumi ne, daga gefe, leɓe a sake, ganye a baki. Lojisiyel ya jera masa jajayen ɗigo tun daga hanci har ƙarshen muƙamuƙi, ya haɗa su da layuka masu kyau. A sama an rubuta: Aisami, namiji, shekara hamsin da takwas.

Jama'a suka ƙura wa tele ido. Sai Sadi ya faɗo daga benci don dariya. Matan da ke kan tabarma suka kifa kai a cinyar juna. Wani ɗan kabu-kabu ya zamo daga katanga yana riƙe da ciki.

"Me ya faru? Me aka gani?" Kawu ya matsa kusa da tele yana ƙanƙance ido. "Ai ni ne. Hasken ne ya ja fuskar."

"Malam," in ji Jummai tana share hawaye, "shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin ka yi kyau haka ba."

Ya juya kan Ɗan Talata. "Kai! Ni na ce ka ɗauka!"

"Kana ciki ai, ga hularka. Ni ban taɓa ɗaukar hoto raƙumina na wurin in bar shi a waje ba."

"Me takardar ta ce a yi masa?" Goni Husseini ya tambaya daga inuwa.

Lokotoro ta karanta ƙasan shafin, ta cije leɓe. "Ta ce a cire haƙora huɗu, a ɗaura waya shekara biyu."

"Wa zai riƙe shi?" in ji Ɗan Talata.

"Wanne daga ciki?" in ji Sadi daga ƙasa.

Da hayaniya ta lafa, Lokotoro ta miƙa wa Fa'iza hannu, Fa'iza ta ciro kile daga aljihunta. Hoton ƙashin kai ya fito a tele, fari a kan baƙi, haƙora a jere. Wasu suka yi salati, wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Lokotoro ta ce wannan shi ne tele-radiyo, sunan hoton ne kawai. Ta sa bakin fensir a wani ɗan gurbi a tsakiyar kan, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ce ga sirdin Turkawa, kowa da nasa aka haife shi. Mutane suka shiga taɓa kawunansu. Ta gangaro kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne, ta ce nan ne Goniyon.

"Nan fa na danna!" Kawu ya yi ihu. "Malam, ka shaida, ba nan na danna ba?"

"Nan ne," in ji Goni. "Har yanzu ina ji."

"To kun gani! Kuma raƙumin ma da gangan na sa shi. Gwaji ne. Duk injin da bai bambance ni da raƙumi ba, ai bai cancanci gidan nan ba. Dabara ce ta manya."

"Amma shi ka zaɓa, Yaya," in ji mahaifiyar Lokotoro.

"Na zaɓe shi ne don a kore shi."

Lokotoro ta shiga duba sauran lojisiyel biyun. Na uku ya cinye damarsa biyar. Na farko da na biyu ba su ƙirga ko ɗaya ba, tunda ba su karɓi hotunan a matsayin awo ba. Ta tambayi Kawu wanne ne ya tsaya da rezo ya ɗauke. Kawu ya ce duka, ya ce babu, ya ce ya danganta. Fa'iza ta ce na farko ne, ranar Talata ƙarfe ɗaya saura kwata, na biyu kuwa bai nemi rezo ba sam. Lokotoro ta miƙa hannu, Kawu ya laluba aljihu ya ba ta mabuɗin ɗaki. Ta ce da rigar. Ya cire, hannun rigar ɗaya ya biyo shi.

Jummai ta zare wayar telenta ta ɗora a ka. Sadi ya rungumi radiyonsa. Ɗan Talata ya ɓare takardar taliya daga sirdin kakansa, ya roƙi a ba shi shafi na biyar ya tafi da shi Alakos, aka ba shi.

Ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe Lokotoro da Fa'iza suka saka hotuna biyar na gaske a lojisiyel na farko, biyar a na biyu, suka gwada da awon da Lokotoro ta yi da fensir. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta zaɓi na biyu. Fa'iza ta kama aikin ordinata ranar Litinin. Kawu Aisami ya koma shagonsa a tasha, inda yanzu ake kiransa Arba'in da Ɗaya, kuma yana amsawa.